Cire saƙar gizo daga baƙar mota: yadda kaurin fenti ya tsara aikin

Motar baƙa ce wuluk, mai ƙofa huɗu, ta shekara shida a kan titi. Baƙin nata zalla ne, babu ƙyalƙyali a ciki, irin wanda duk mai aikin fenti ya san ba ya rufa wa kowa asiri. A inuwa ba ka ganin aibunta. Da ta fito rana sai jikinta ya cika da siraran zobba na karce, abin da muke kira saƙar gizo, baƙin ya koma toka-toka, hoton abin da ke gefenta ya daina fita tar a jikin ƙofofi. A kan bonet da murfin but kuma akwai wani abu daban: dogayen layukan haske masu lanƙwasa, da ke motsi duk inda mutum ya matsa.

Watanni kaɗan kafin nan mai motar ya kai ta wani wuri an goge masa da inji. Ta fito tana ɗaukar ido, amma bayan 'yan wanki sai karcen ya dawo, har ya fi na da. Buƙatarsa guda ce. Ya ce, "Malam, so nake a cire shi gaba ɗaya, kada ko ɗaya ya rage." Muka ce masa, "Yallabai, bari mu wanke ta mu auna tukuna, sannan mu faɗa maka abin da zai yiwu." Ba kauce wa magana muka yi ba. Kafin a san yawan fentin da ya rage a jikin mota, duk alkawarin da aka ɗauka a kan karce alkawari ne a makance.

Abin da inji yake ci

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafen da ke hana tsatsa, sai faraima, wato shafen da ke sa launi ya kama, a kansu akwai launi, a can sama kuma akwai kiliya, wadda ba ta da launi, ita ce ke ba da sheƙi, ita ce kuma ke tare hasken rana daga cin launin. Idan aka haɗa su duka, fentin kamfani yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, gwargwadon kamfani da ƙira. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma takardar firinta guda tana da kaurin kusan maikiron 100. Kiliya kaɗai a mafi yawan motoci ba ta wuce maikiron 35 zuwa 50. Wato duk abin da mai inji yake da shi na aiki bai wuce rabin kaurin takarda ba.

Saƙar gizo tana zaune ne a saman wannan kiliya, zurfinta 'yan maikiron kaɗan. Mutane da yawa sun ɗauka zagaye take saboda an wanke motar ana juya hannu. Ba haka ba ne. Karcen kansa ya bi kowace fuska, wani a miƙe, wani a karkace, dubbai a kan juna. Idan haske mai ƙarfi ya fito daga wuri ɗaya, kamar rana ko tocila, gefen karcen da ya gitta hanyar hasken ne kawai yake walƙiya zuwa ido, shi ya sa suke haɗuwa su ba da siffar zobba a kewayen hoton hasken. Ka matsar da tocilar, zobban su bi ta. Mun nuna wa mai motar wannan a jikin ƙofarsa, domin ya gane cewa ba salon juya hannu ne ya ɓata masa fenti ba, ƙasa da ƙura ne da aka ja a kai da soso ko tsumma.

Goge fenti da inji ba ya cike karce. Man gogewa yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu ci, galibi na sinadarin alumina, waɗanda ke zaftare kiliyar da ke kewaye da karcen har ta sauko daidai da ƙasansa. Da fuskar ta baje sai haske ya daina watsewa, ido ya ga sheƙi. Ma'ana duk karcen da ya ɓace, da kiliya aka biya, kuma kiliya ba ta tsirowa. Idan ta yi siriri fiye da kima, sinadaran da ke tare zafin hasken rana a cikinta ba sa isa, sai ta fara dusashewa, ta yi fari-fari, daga baya ta riƙa ɓarewa. Wannan babu man da ke gyara shi sai sabon feshi. Shi ya sa masu sana'ar da suka san abin da suke yi suke riƙe da ƙa'idar kada a ci fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kiliya a tsawon rayuwar mota, ba a zama ɗaya ba.

Dogayen layukan nan na kan bonet kuwa sa hannun injin rotari ne. Rotari yana juya soso a kan sanda ɗaya, fuska ɗaya, don haka idan aka yi aiki da soson ulu da mai mai kaushi, aka karkata injin, aka kuma tsaya a nan ba a bi da mai laushi ba, yakan bar karce masu jeri ɗaya da ke kama haske tare. Ana kiran su hologiram. Abin da ya sa mai motar bai gan su ba ranar da ya karɓi motarsa shi ne an shafa mata wani mai da ke kwanciya a cikin karce ya ɓoye shi. Sabulu ya wanke man, abin da ke ƙasa ya bayyana. Karcen bai dawo ba, dama bai tafi ko'ina ba, an ma ƙara masa wani.

Wanki da awo

Ba a ɗora inji a kan fenti mai datti, ko da ido bai ga dattin ba. Mun wanke motar da sabulu mai ƙarfin cire tsohon kaki da mai, muka fesa maganin ƙurar ƙarfe, wanda ke komawa ruwan shunayya idan ya haɗu da ɓurɓushin ƙarfen birki da ya nutse a fenti, muka narkar da ɗigon kwalta a ƙasan ƙofofi, sannan muka bi jikin da yumɓun mota, wani abu mai danƙo da ke ɗauke dattin da ya maƙale a fenti, tare da ruwa mai santsi. Hanya mai sauƙi ta sanin ko an gama ita ce mutum ya sa hannu cikin siririyar leda ya shafa fentin: duk wani ƙurji da yatsa bai ji ba, ta cikin leda zai ji shi. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a soson inji ta isa ta zana ƙofa guda.

Sai awo, wanda shi ne ya tsara duk abin da ya biyo baya. Na'urar awon fenti da aka fi amfani da ita tana aiki ne da maganaɗisu a kan ƙarfe, a kan alminiyam kuma da wata hanyar lantarki, kuma abin da take bayarwa shi ne kaurin dukkan hawan tun daga ƙarfe har sama, ba kiliya kaɗai ba. A kan roba, kamar bamba, ba ta karanta komai. Domin a yi kirdadon kiliya, akan auna cikin bakin ƙofa, inda kamfani ba ya fesa kiliya da yawa, sai a cire wannan daga abin da aka samu a waje. Kirdado ne, ba tabbaci ba, amma ya fi shiga aiki ido rufe.

Ga abin da muka samu. Rufi, murfin but, fendoji da ƙofofi uku sun tsaya tsakanin maikiron 115 da 135. Cikin bakin ƙofa ya ba da 70 zuwa 80. Wannan ya nuna akwai kiliya kusan maikiron 45 zuwa 55 a waɗannan wurare, lafiya lau. Ƙofar baya ta hagu ta fita daban, daga 240 zuwa 310, akwai ma wani wuri kusa da ƙasa da ya haura 700. An taɓa sake fesa ta ke nan, kuma akwai fila, wato abin da ake cike lotsewar ƙarfe da shi, a ƙarƙashin wurin da ya yi kauri. Mai motar ya tabbatar, ya ce an taɓa buge masa ita fiye da shekara guda da ta wuce.

Bonet ne ya sa muka tsaya. Tsakiyarsa 92 zuwa 100, kusa da bakinsa na gaba kuma da kan layukan da ƙarfen ya tashi, 84, 86. Bonet ɗin da ya fito daga layin feshi ɗaya da rufi bai kamata ya gaza rufin da maikiron 25 ko 30 ba. Wani ne ya ci su, mai yiwuwa ba sau ɗaya ba, domin bonet shi ne wurin da ya fi sauƙin tsayawa a kai da inji, shi ne kuma wurin da ake so ya burge mai mota. Idan kirdadonmu ya yi daidai, kiliyar da ta rage a wasu wuraren ba ta kai maikiron 20 ba. Kuma a nan ne hologiram ya fi yawa, ga wani tabon kashin tsuntsu da ya ci ya shiga ciki.

Mun zana taswirar motar a takarda, muka rubuta kowace lamba a inda aka same ta, muka kira mai motar ya gani. Muka ce masa, "Yallabai, ƙofofi da rufi da but za mu iya kai su inda kake so, ko kusa da nan. Bonet kuwa za mu cire layukan nan, mu dawo masa da baƙinsa, amma duk abin da ya yi zurfi za mu bar shi." Ransa bai so ba, domin bonet ɗin ne yake gani kullum idan ya nufo motar. Ya tambaya ko ba za a ɗan ƙara ba ko yaya. Muka nuna masa lambar 84 da ke bakin gaba da 125 da ke kan rufi. Ya yi shiru yana duba takardar, sannan ya ce a yi yadda ya dace.

Gwaji a wuri ɗaya

Injin da muka zaɓa mai juyi biyu ne, wanda ake kira DA. Farantinsa, wanda ake manna soso a kai, yana zaune a gefen sandar injin, ba a tsakiya ba, don haka yana kaɗawa a ƙaramin kewaye yana kuma juyawa a kan kansa a sake. Saboda ƙwayoyin man ba sa bin hanya ɗaya sau biyu, ba ya barin hologiram, kuma zafi ba ya taruwa wuri ɗaya da sauri kamar na rotari. Idan aka danne shi da yawa ko aka karkata shi, juyin yakan tsaya, cin ma ya ragu. Tsofaffin irinsa kamar Porter-Cable 7424 suna da kaɗawa ta milimita 8. Kamfanin Rupes na Italiya ya shahara da masu doguwar kaɗawa, milimita 15 da 21, Flex na Jamus kuma yana da 3401 wanda giya ke tilasta masa juyi ko an danne shi. Mu mun yi aiki da mai milimita 15 da faranti na milimita 125, sai ƙaramin inji mai faranti 75 domin ginshiƙai da lungunan bamba. Rotari ba abin zargi ba ne, a hannun gwani yana gama aiki da sauri da tsafta. Amma a kan bonet mai irin wannan kiliya ba mu da abin da za mu sayi sauri da shi.

Ƙa'idar gwaji ita ce a fara da mafi laushi, a hau sama sai in dole. Mun zaɓi murfin but, domin a kwance yake, kaurinsa lafiya, karcensa kuma ya wakilci na sauran jikin. Muka raba shi da tef ɗin takarda.

A kashi na farko muka sa man gamawa mai laushi a kan soso mai taushi. Sabon soso ana fara shafa masa mai a dukkan fuskarsa siriri, daga nan ɗigo uku ko huɗu sun isa kowane wuri. Wurin aiki bai wuce santimita 50 a kowace fuska ba. A ɗora soson a kan fenti kafin a kunna, a baza man a ƙaramin gudu, sannan a ɗaga gudun zuwa huɗu ko biyar a kan ma'aunin da ke kai wa shida. Hannu yana tafiya a hankali, kamar santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi, a bi daga hagu zuwa dama, a dawo a bi daga sama zuwa ƙasa. Wanda bai saba ba yakan ga kamar injin ya yi nawa, sai ya riƙa sharar fenti da sauri, ya gama bai cire komai ba. A bayan farantin akwai layi ɗaya da muka ja da baƙar maka. Muddin layin yana juyawa, injin yana ci. Da ya tsaya yana rawa wuri ɗaya, an danne da yawa ko soson bai kwanta daidai ba.

Bayan an share man da tawul ɗin maikrofaiba, wurin ya yi kyau ƙwarai. Wannan kyan ba a yarda da shi. Man gogewa yana da maiƙo, maiƙon kuma yana kwanciya cikin karce kamar yadda ya yi a aikin da aka yi wa motar a baya. Sai an fesa sifirit na aisofurofil da aka sirka da ruwa, ko ruwan share fenti da aka yi domin haka, a goge, a bar shi ya bushe, sannan a haska tocila. Da muka yi haka, kusan rabin saƙar ta tafi, rabi tana nan.

A kashi na biyu muka ƙara: mai matsakaici, soso mai ɗan tauri. Saƙar gizon ta tafi kusan duka, sai ɗaiɗaikun karce masu ɗan zurfi da dama suka ɓuya a cikin taron, yanzu suka fito fili. A kashi na uku muka sa mai mai kaushi a kan soson maikrofaiba. Ya kwashe har da yawancin waɗannan, amma ya bar wani hazo-hazo, ƙananan ƙugiyoyi na karce da tocila kaɗai ke nunawa, wanda a kan baƙar mota yake rage zurfin launi. Da muka bi shi da haɗin farko, hazon ya washe. Wannan ya gaya mana kiliyar motar mai taushi ce: tana cin gyara da wuri, tana kuma ɗaukar tabo da wuri, har tawul mai ɗan datti yana iya zana ta. Masu sana'a sukan ce fentin motocin Japan ya fi taushi, na Jamus ya fi tauri, kuma sau da yawa hakan ne, amma ba a gina aiki a kan wannan magana, domin ko a kamfani ɗaya launi da launi suna bambanta.

Muka sake awo a wuraren da muka yi wa alama, bayan fentin ya huce, sau da yawa a kowane ɗigo muna ɗaukar matsakaici, saboda na'urar kanta tana iya kaucewa da maikiron biyu ko uku. Haɗi na biyu ya ci kusan maikiron 2. Haɗi na uku tare da gamawa ya ci kusan 4 zuwa 5. Bambancin kyau tsakaninsu a ido kaɗan ne, sai an sunkuya da tocila, bambancin kiliya kuwa ninki biyu. A nan hukuncina ya karkata ga na biyu a matsayin tsarin dukkan motar, a bi shi da man gamawa saboda taushin fentin, a ajiye mai kaushi domin wuraren da karce ya taru kuma kauri ya ba da dama. Motar da ake hawa kullum za ta sake buƙatar goguwa nan gaba, ko da an kula da ita, kuma wanda zai yi aikin a lokacin yana da haƙƙin ya tarar da abin aiki.

Sauran jikin

Kafin a fara, an rufe robobin tagogi, baƙar robar da ba ta da fenti, tambari da bakin kowane ɓangare da tef. Fenti ya fi siriri a baki da kan layin da ya tashi, nauyin inji kuma a nan yake taruwa, shi ya sa yawancin fashewar kiliya a nan take faruwa. Aikin a inuwa aka yi shi, jikin motar a sanyaye, waya a kan kafaɗa don kada ta ja a fenti.

Rufi, but, fendoji da ƙofofi uku sun tafi yadda gwaji ya nuna. Abin da ya fi cin lokaci a nan shi ne kula da soso. Duk abin da aka zaftare, wato garin kiliya da man da ya gama aiki, a cikin soson yake taruwa. Soson da ya toshe ba ya ci, zafi yake yi, kuma yana barin hazo. Bayan kowane wuri ana kakkaɓe shi da buroshi ko iskar kwamfuresa, bayan ɓangare ɗaya ko biyu a canza sabo. Wanda ya ce zai goge mota guda da soso ɗaya, rabin motar da datti zai goge ta.

Ƙofar da aka sake fesawa ta ƙi bin tsarin. Kaurin 280 yana iya ruɗar mutum ya ɗauka akwai yalwa, alhali ba a san nawa ne kiliya a ciki ba, wataƙila yawancinsa tsohon fenti ne da faraima. Ga shi kuma fentin da aka fesa a wajen kamfani ba a gasa shi da zafin da ake gasa na kamfani, don haka halinsa daban. A wannan ƙofa man yana kamawa, yana bushewa da wuri, sharewa tana wahala, injin yana ɗan tsalle. Sai da muka yi mata gwajinta ita kaɗai: muka rage gudu, muka rage yawan bi, muka koma mai mai yawan maiƙo, sannan ta kwanta. A kusa da wurin fila mun yi sauri mun wuce, domin fila ba ya son zafi, yana iya motsawa ya bar alamar iyakarsa a saman fenti. Haka bamba: roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, kuma ba mu da awonta, don haka mai laushi kawai ta samu, ana taɓa ta da bayan hannu lokaci-lokaci. Baƙaƙen ginshiƙan da ke tsakanin tagogi sun fi komai taushi a jikin motar, ƙaramin inji da soso mafi laushi suka ishe su.

A ƙofar direba akwai karce ɗaya dogo, kamar tsawon tafin hannu, wanda farce ke maƙalewa a cikinsa. Da muka zuba masa ruwa ya ɓace, da ya bushe ya dawo, alamar bai huda kiliya ya kai launi ba, amma ya yi nisa a cikinta. Mai motar ya ji labarin ana iya cire irinsa da takardar yashi mai laushi, lamba 2000 ko 3000, da ruwa, sannan a goge. Gaskiya ne ana yi. Sai dai karcen da farce ke kamawa yana iya kai rabin kiliyar ko fiye, kuma cire shi yana nufin a saukar da dukkan kewayensa zuwa wannan zurfin, a tsakiyar ƙofar da rana ke duka kullum. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Abin da muka yi shi ne muka bi ta kansa da mai kaushi kaɗan, har bakinsa mai kaifi ya daƙushe. Kaifin baki ne ke kama haske ya sa karce ya yi fari. Da ya daƙushe, sai mutum ya san inda yake kafin ya gan shi.

Bonet muka bari ƙarshe. Hologiram, duk da munin ganinsa, ba shi da zurfi, don haka man gamawa a kan soso mai taushi, ba tare da dannawa ba, ya share shi. Mun nisanci bakin gaba da layukan da suka tashi da faɗin tef guda, waɗannan da hannu aka bi su. Awo bayan aiki ya nuna abin da ya tafi bai wuce maikiron ɗaya ba, a wasu wuraren na'urar ma ba ta ga bambanci ba. Baƙin ya dawo, hoton gajimare yana fita a kansa da iyakoki tsaf. Ɗaiɗaikun karce masu zurfi suna nan, tabon kashin tsuntsu ya yi sauƙi amma bai tafi ba. Na san akwai wanda zai kalli bonet ɗin da tocila ya ce aikin bai kammala ba. Ni a wurina a nan ne ya kammala, domin matakin da ke gaba shi ne kiliya ta fashe launi ya hau soso, daga nan kuma sai mai feshi.

Kariya da abin da ya biyo baya

An sake share dukkan jikin da sifirit, aka fitar da motar rana aka zagaya ta, domin akwai abin da tocila ke ɓoyewa rana ta tona. Sannan aka zo maganar kariya. Mai motar yana son seramik, wani siririn shafe mai tauri da ake yi a kan kiliya, saboda ya ji an ce yana hana karce. Mun bayyana masa cewa shafen seramik yana da amfani na gaske: yana daɗewa fiye da kaki, ruwa yana zamewa a kansa, datti ba ya kamawa sosai, wanki yana sauƙi. Amma kaurinsa kusan maikiron ɗaya ne ko biyu, kuma lambar 9H da ake rubutawa a kwalbarsa ma'aunin taurin fensir ce, ba ta taurin ma'adinai ba. Yashi ya fi shi tauri. Tsumma mai ƙura zai zana seramik kamar yadda ya zana kiliya. Ya zaɓi a sa shi duk da haka, mun kuma ga dacewar hakan, musamman domin bonet, inda duk abin da zai rage buƙatar taɓa fentin riba ne. Ƙofar da aka sake fesawa ta daɗe da wuce lokacin da sabon fenti ke buƙata ya gama bushewa, wanda yakan kai wata ɗaya zuwa uku, don haka ita ma ta samu.

Abin da ya rage shi ne wanki, tunda daga nan matsalar ta faro. Mun zauna da wanda ke wanke motar, ba mai ita kaɗai ba. A fara kwarara ruwa ya tafi da ƙasa kafin hannu ya taɓa. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye safar wanki bayan kowane ɓangare. Daga sama zuwa ƙasa, ƙasan ƙofofi a ƙarshe, tayoyi da nasu kayan daban. Busarwa da tawul mai tsafta, a ɗora a ja a hankali, ko da iska. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar. Kashin tsuntsu a jiƙa shi a ɗauke da wuri, kada ya kwana a rana.

Bayan wasu watanni motar ta dawo dubawa. Ƙofofi, rufi da bonet suna nan yadda aka bar su. A kan murfin but ne kawai da saman bambar baya sabuwar saƙa ta fara fitowa, siririya. Da muka bincika, ashe akwai wani tsumma a cikin but da ake share ƙurar bayan motar da shi a bushe kowace safiya, saboda nan ne ƙura ta fi kwanciya. An ɗauke tsumman, aka sa kwalbar ruwan share ƙura mai santsi da tawul masu tsafta a madadinsa. Ba mu ɗora inji ba, domin goge wurin zai tafi da seramik ɗin da ke kai, kuma karcen bai kai a biya masa wannan ba. Mun sake auna bonet a ɗigogin da ke kan taswira, lambobin ba su motsa ba, muka ƙara kwanan wata a takardar muka mayar da ita cikin akwatin gaban mota tare da takardun sabis, domin duk wanda zai ɗora inji a kan motar nan gaba ya fara karanta ta.